Tambaya da Amsa: Ƙaramar Rediyon Gajeren Zango ta Matafiyi

Assalamu alaikum. Ina fatauci tsakanin Kano, Damagaram da Agadas. Da an yi nisa da gari FM take ɗaukewa, intanet kuma sai a hankali. Ina son ƙaramar rediyo mai araha don jin labarai a hanya. A kasuwa na ga mai zango 9, mai 12, har mai 20. Wacce zan saya?
Mai karatu daga Damagaram

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Ɗaya FM ce, ɗaya matsakaicin zango, sauran duk gajeren zango ne aka yayyanka. Abin dubawa shi ne mitocin da take kamawa. Ka tabbata akwai mita 49 (kilohaz 5900 zuwa 6200), mita 41 (7200 zuwa 7450), mita 31 (9400 zuwa 9900), mita 25 (11600 zuwa 12100), mita 19 (15100 zuwa 15800) da mita 16 (17480 zuwa 17900). Idan akwai mita 13 ƙari ne, amma wadda ba ta da 19 da 16 ba za ta yi maka amfani da rana ba.

Sai batun allura ko lamba. Tashoshin gajeren zango tazarar kilohaz 5 ce tsakaninsu, ga shi a rediyo mai allura an cusa kilohaz 500 a ɗan layin da bai kai tsawon yatsa ba. Shi ya sa za ka kama tasha, batir ya ɗan yi sanyi ko rana ta gasa rediyon, sai ka ji ta zame. Mai lamba kuwa, ka danna 15490 ta tsaya nan daram. Sai dai a kula, akwai masu nuna lamba a gilashi alhali cikinsu irin na mai allura ne, su ma suna zamewa. Ta gaskiya tana da maɓallan 0 zuwa 9 ko wurin adana tasha, kuma lambarta tana tafiya biyar biyar.

Idan kuɗin ya yi kaɗan, Tecsun R-9012 da XHDATA D-219 masu allura ne, batir AA biyu suke ci, suna kama manyan tashoshi. Idan za ka iya ƙarawa, mu Tecsun PL-310ET muka fi so wa mai irin hanyarka. Batir AA uku take ci, wanda ko a teburin mai shayi za ka iya samu, tana da ramin saka eriyar waje, kuma tana da maɓallin ETM da zai zagaye mitocin duka ya tara maka tashoshin da ake ji a inda kake. PL-380 ƙanwarta ce, sai dai babu ramin eriya. PL-330 batirin BL-5C take amfani da shi, irin na tsohuwar Nokia, ana yi mata caji kamar waya. Tana da kyau, amma inda babu wuta sai ka riƙe batir na biyu. Idan mai shago ya ce wata ta fi tsada don tana da SSB, wato tsarin kama irin sadarwar jiragen ruwa da na sama, ka bar masa, mai jin labarai ba ya buƙatarsa. Haka fitila, Bluetooth da wurin saka memori: yawanci a kansu kuɗin ya ƙare, aka yi wa ɓangaren kama tasha rowa.

Ba a cinikin biri a sama. Ka je da sabon batirinka, ka jawo eriya ta miƙe gaba ɗaya, ka ɗan matsa daga shagon don janareto da cajoji suna toshe komai. Da rana ka gwada mita 19 da 16. Ka murɗa abin ƙara murya ka ji ko yana ƙarar tsatsa, ka girgiza gindin eriya ka ga ko ya yi sako-sako, don nan ne ke fara karyewa a jaka. Idan ka ji tasha ɗaya a wuri biyu da tazarar kilohaz 910, ta biyun inuwa ce, alamar rediyon ba ta tace sigina sosai. Ba ta lalace ba, amma da dare tashoshi za su riƙa hawan juna.

Tashar da nake ji garau da rana, da dare sai ta ɓace. Kwanaki ma na neme ta na rasa gaba ɗaya. Rediyon ce ta lalace?
Wani direban tirela daga Funtuwa

Da wuya, Malam. Siginar gajeren zango sama take tashi, ta bugi wani ɓangare na sararin samaniya ta dawo ƙasa, kuma hasken rana yana canza yanayin wurin. Da rana masu ƙananan lambobin kilohaz, wato mita 49 da 41, shanye su ake yi kafin su iso, sai 19 da 16 su yi aiki. Da dare abin ya juya. Mita 31 da 25 sun fi kyau da asuba da magariba. Don haka tasha ɗaya take da lambar safe daban, ta dare daban.

Ɓacewar gaba ɗaya kuma, tashoshin duniya suna sauya lambobinsu sau biyu a shekara, Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Ka saurari sanarwa, ka rubuta sababbin a takarda ka manna a bayan rediyon. Wasu tashoshin ma sun rage shirye-shiryen gajeren zango ko sun daina, saboda haka ka tabbatar wadda kake nema tana nan. Lokacin da suke rubutawa na GMT ne: a Najeriya, Nijar, Kamaru da Cadi ka ƙara awa ɗaya, a Ghana daidai yake, a Sudan ka ƙara biyu.

A masauki rediyona sai shuuu take yi, a waje kuma lafiya lau. Mene ne magani?
Mai karatu daga Kumasi

Abu biyu ne. Rodin da ke cikin kankare da rufin kwano suna tare sigina, haka ma jikin mota. Sannan cajar waya, ƙwan LED, inbata da na'urar cajin sola duk suna fitar da ƙara a kan waɗannan mitoci. Ka zare rediyon daga wuta ka yi amfani da batir, ka riƙa kashe kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai laifin, ka zauna kusa da taga. Idan bai isa ba, ka sami siririyar waya mai rufin roba, tsawon mita 5 zuwa 7, ka feƙe bakinta ka naɗa a kan eriya, ka jefa sauran ta taga zuwa reshen bishiya. Kada ka ƙara tsayi, ƙaramar rediyo sigina tana yi mata yawa, sai tashoshi su cakuɗe. Ka nisanta ta daga wayar lantarki, kuma da hadari ya taso ka cire ta.

Zan tafi Umara. Zan ji sashen Hausa a Makka?
Wata mai karatu daga Sakkwato

Kada ki sa rai sosai, Hajiya. Shirye-shiryen Hausa Afirka ta Yamma ake saita su. Na BBC, alal misali, akwai waɗanda ake harbowa daga tsibirin Ascension da ke tekun Atlantika, RFI kuma daga Issoudun a Faransa. Saudiyya tana gefe, ga otal-otal na kankare cike da na'urori. Kina iya dacewa da dare, amma a can waya da intanet sun fi. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Idan za ki tafi da ita duk da haka, ki cire batir kafin ki sa ta a akwati, don batir mai araha yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen ciki. Batirin caji na ajiya kuma a jakar hannu ake sa shi, kamfanonin jirage ba sa yarda ya shiga cikin kayan awo.