Amsoshin Tambayoyinku: Kaji Masu Haki da Garin Maganin Zafi

Wata baiwar Allah ta rubuto cikin damuwa. Kajinta masu ƙwai sun wangale baki suna haki, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. An ba ta shawarar ta sayi garin "maganin zafi" da ake zubawa a ruwa. Ta saya?

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, alamun zafi ne kika lissafa. Kaza ba ta gumi, kuma ɗumin jikinta kusan digiri 41 ne a ma'aunin Selsiyus, don haka da haki da ɗaga fukafukai take fitar da zafi. Yawan hakin nan yana kwashe iskar kabon dayoksaid daga jininta, wadda ake buƙata wajen gina ɓawo. Shi ya sa kika ga ya yi laushi. In kuwa kin ga majina ko atishawa, maza ki kira likitan dabbobi.

Batun garin kuwa, abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai cunkusa kaji a ɗakin kwano mara taga, mazubin ruwa ɗaya tal yana gasuwa a rana, sannan ya tashi neman leda mai hoton zakara wai ta yi masa magani. Bitamin C da gishirin jiki (sinadaran da ke taimaka wa jiki riƙe ruwa) na gaskiya suna taimakawa, ban musa ba. Amma jabu ya yi yawa: babu lambar rajista, babu ranar lalacewa, wani ma an kankare an sake bugawa. Ko sahihin ba ya sanyaya ɗaki. Tsoma yatsanki a ruwansu da tsakar rana. In kin ji shi da ɗumi, su ma ba za su sha sosai ba. Ƙara mazubai a inuwa, canza ruwan akai-akai, rage cunkoso, buɗe wa iska hanya, shimfiɗa ciyawa a kan kwanon. Ba su abinci da sassafe da yamma, domin narkar da abinci ma zafi yake haifarwa. Sai kin gama waɗannan za ki taɓa kuɗinki, kuma a hannun likita.

Wani kuma yana tambayar wace na'urar aski zai saya ya yi wa karensa ƙwal-kwabo.

Haba Malam! Babu wadda za ka saya. Kare da haki yake sanyaya jiki, ɗan guminsa a tafin ƙafa yake. Gashin nan kuma yana tare masa rana. Taje shi kawai, kada ka bar shi a mota a rufe ko na minti kaɗan.

Mai kiwon zomaye na son sanin ko fanka ta isa.

Tana taimakawa, amma ba kamar yadda take yi wa mai gumi ba. Zomo ta kunnuwansa yake fitar da zafi, kuma da an haura digiri 30 ya shiga wahala. Mayar da kejin inuwa, ajiye masa robar ruwa mai ƙanƙara ya jingina, ka riƙa shafa masa ɗan ruwa a bayan kunnuwa.