Tsohon Sulai Da Azurfar Da Ke Cikinsa

Tambaya: Na sha jin cewa tsofaffin sulallan ƙasashen Turai da Amurka azurfa ce zalla. Gaskiya ne? Kuma in azurfa ta yi wuya har aka daina buga kuɗi da ita, nawa ake haƙowa a duniya yanzu?

Amsa: Ba zalla ba ce. Azurfa ƙarfe ne mai laushi, in aka buga kuɗi da ita ita kaɗai, ba za ta jima a hannun jama'a ba sai ta lotse, rubutun ya goge. Shi ya sa ake haɗa ta da jan ƙarfe don ta yi ƙwari. Abin da ya fi muhimmanci shi ne shekarar da ke jikin kuɗin.

A Ingila, sulallan da aka buga kafin 1920 kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ne. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya farashin azurfa ya tashi, aka rage ta koma rabi. Daga 1947 kuma aka cire ta gaba ɗaya, aka koma jan ƙarfe da nikel. Amurka ta ɗan daɗe a kai: kuɗinta na senti 10 da 25 da 50 kashi 90 azurfa ne har zuwa 1964. Dokar 1965 ta cire ta daga na 10 da na 25, ta bar kashi 40 a na 50 har 1970. Akwai kuma dalar Mariya Taresa ta Austriya mai kashi 83.3, wadda ke ɗauke da 1780 ko da an buga ta bayan shekaru ɗari, don haka a nan kam shekarar ba ta gaya maka ranar bugu.

Ɗauki senti 25 na 1964, nauyinsa giram 6.25 ne, kusan 5.6 daga ciki azurfa. Juya shi ka dubi gefensa, fari ne fat. Na 1965 kuwa za ka ga jan layi a tsakiya, jan ƙarfen ne ya leƙo. In ka sake na azurfa a kan tebur, ƙararsa siririya ce mai jan lokaci. Amma kada ka dogara da maganaɗisu kawai, domin ba ya kama azurfa, haɗin jan ƙarfe da nikel ɗin ma ba ya kama shi. Shawarata ita ce kada a goge tsohon kuɗi don ya yi ƙyalli, masu tara irinsu sun fi son sa yadda yake, gogewa na karya darajarsa.

Batun haƙa kuwa, ba ƙarewa azurfa ta yi ba. Ana fito da kimanin tan 25,000 zuwa 26,000 a shekara, Meziko ce kan gaba, sai Sin da Peru. Zinariya tana kai tan dubu uku da ɗoriya, Sin da Rasha da Ostireliya ke jan ragamar.  Ke nan azurfar da ake haƙa ta ninka zinariya sau bakwai ko takwas.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba, kusan kashi 70 na azurfar duniya ba ita aka je nema ba. Tana fitowa ne a ma'adinan darma da tutiya da jan ƙarfe da zinariya. Don haka ko farashinta ya tashi, ba a iya ƙara yawanta nan take.

Gwamnatoci sun cire ta daga kuɗi ne saboda ƙarfen da ke cikin sulai ya fara fin abin da aka rubuta a kansa daraja, mutane suka riƙa ɓoyewa suna narkarwa. Yau kuma fiye da rabin azurfar da ake buƙata masana'antu ke sha, musamman masu ƙera kayan lantarki da farantan sola.