Kawu, ba maula ta kai mu majalisa ba

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Na saurari saƙon muryarka har sau biyu. Ka ce ka ga hotona a gaban ginin majalisar Amurka ina tura wani a keken guragu, ka tambaya ko siyasa na shiga, in kuwa taimako muka je nema, wa ya yi mana hanya, me kuma ɗan majalisar ya ba mu. Bai ba mu ko sisi ba, mu ma ba mu roƙa ba. Bari in warware maka zare da abawa.

Wanda ke kan keken maƙwabcina ne a nan unguwar Bronx, cikin birnin New York. Iyayensa mutanen Zangon Kumasi ne. Ya zo yana yaro, ya shiga sojan ƙasar nan har ya je Iraƙi, ya fito lafiya ƙalau ya kama tuƙin babbar mota. Soja kawai muke ce masa. Shekara uku da suka wuce muna shan ruwa a masallaci, na ga dabino ya suɓuce masa daga yatsu har sau biyu. Muka ce gajiyar azumi ce. Bayan salla sai maɓallin riga ya gagare shi, ƙafar hagu ta fara jan ƙasa. An yi wata da watanni ana gwaje-gwaje kafin likitoci su faɗi sunan ciwon, ALS. A nan suna ce masa ciwon Lou Gehrig, sunan wani shahararren ɗan wasa da ya rasu da shi a 1941.

Ba irin shanyewar ɓarin jiki ba ne da ke kayar da mutum dare ɗaya. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka ne ke mutuwa kaɗan-kaɗan. Hannu ya tafi, ƙafa ta bi, harshe ya yi nauyi, haɗiya ta gagara, daga ƙarshe numfashi. Mutum kuwa yawanci da hankalinsa garau, yana ji yana gani. Akasarin masu shi shekara 2 zuwa 5 suke yi bayan an gano, kuma har yau ba a sami maganin da ke warkar da shi ba.

To me ya haɗa ciwon da aikin soja? Kai da ka sa kaki har Laberiya, wannan zai fi taɓa ka. Bincike ya nuna ciwon ya fi kama waɗanda suka yi soja a kan sauran jama'a. A ƙarshen 2001 gwamnati ta amince cewa waɗanda suka je yaƙin Gulf na 1990 zuwa 1991 sun kusa ninka takwarorinsu da ba su je ba wajen kamuwa, ta fara biyansu. Su kaɗai. Sauran sai kowa ya kawo hujjar cewa aikin ne ya jawo masa, abin da ko likita ba zai iya rantsuwa a kai ba, ga kwana yana ƙarewa. Masu ciwon da iyalansu suka yi ta sintiri a majalisa. Cikinsu har da wani janar na sojan sama mai ritaya, Thomas Mikolajcik, wanda ya ba da shaida gaban kwamiti a 2007 da ciwon a jikinsa. A watan Satumba na 2008 ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda ake ce wa VA, ta yanke cewa duk wanda ya yi kwana 90 a jere yana aikin soja, in ya kamu, za a ɗauka aikin ne sanadi, ba sai ya kawo hujja ba. A 2012 aka ƙara da cewa da zarar an tabbatar da ciwon, za a lissafa shi nakasasshe ɗari bisa ɗari. Janar ɗin ya rasu a 2010, bai ga wannan ta biyun ba.

Keken da ka gani a hoto, da na'urar da Soja ke magana da ita ta hanyar kallon haruffa da ido, da kuɗin watan da ke riƙe gidan, duk daga nan suka fito. Waɗanda suka sha wahalar nema ba su san shi ba, yawancinsu ma sun riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya kai mu kuwa maganar maiɗakinsa ce. In tsohon soja ya rasu da irin wannan ciwo, ana biyan matarsa wani abu duk wata. Akwai kuma ƙari a kai, amma sharaɗinsa sai mijin ya shekara 8 cur a matsayin cikakken nakasasshe kafin rasuwa, suna tare. Ka ga matsalar, Kawu: ciwon da ba ya ba mutum shekara biyar, ina zai kai takwas? Matar da ta ajiye aikinta, take juya shi cikin dare, take zuƙe masa majina da inji, take ba shi abinci ta bututun ciki, ita ce za a ce jinyarta ba ta daɗe ba. Akwai ƙudurin gyara wannan. An gabatar da shi a 2021, wa'adin majalisar ya ƙare bai wuce ba, aka sake shigar da shi a 2023. Haka abin yake a nan: duk shekara biyu, ƙudurin da bai zama doka ba ya faɗi, sai a sake sabon lale.

Kada ka ɗauka duk jama'armu sun yarda da tafiyar. An yi muhawara sosai a masallaci. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce ciwo jarrabawa ce, rufin asiri ya fi, bai dace a ɗauki bawan Allah ana nuna shi ga baƙi ba, kuma maganar abin da mace za ta samu bayan miji, mijin yana da rai, ta yi nauyi a baki. Na fahimce shi, don ni ma da irin wannan kunya aka raine ni. Soja ne ya raba gardama. Ya ɗauki kusan minti uku yana haɗa haruffa da ido, muna shiru, sannan na'urar ta faɗa da Turanci, tunda ba ta jin Hausa, cewa a kai shi tun yana iya zama. A ganina yarda da ƙaddara ba ta hana mutum neman haƙƙin iyalinsa.

Ka tambayi wanda ya yi mana hanya. Babu. Ƙungiyoyin masu wannan ciwo kan shirya rana guda a je tare, su nemo lokacin ganawa, su koya wa mutum abin da zai faɗa. Mun tashi bayan asuba, tafiyar awa huɗu da wani abu zuwa Washington. A ƙofar ginin ofisoshin 'yan majalisa ba a tambaye mu wa muka sani ba, jaka kawai aka duba. A ofis kuwa tambayar farko ita ce a ina muke zaune. Kujeru 435 ne a majalisar wakilai, kowa sai ya koma gaban masu zaɓe bayan shekara biyu, saboda haka mutumin mazaɓa maganarsa da nauyi. Wani cikinmu ya so mu riƙe 'yar tsaraba don kada mu shiga hannu rabbana. Aka ce a bari, akwai doka kan kyauta, abin da ya kai dala 50 ba a karɓa.

Ɗan majalisar ma ba mu gan shi ba. Wata matashiya ma'aikaciyarsa ce ta zauna da mu, ba ta kai 'yata ta fari ba. Da farko raina ya sosu, na ga kamar raini ne. Daga baya na gane irinsu ne ke karanta ƙudurori su shaida wa maigida inda zai sa hannu. Minti goma sha biyar aka ba mu. Muka miƙa takarda shafi ɗaya mai lambar ƙudurin, da buƙata ɗaya tak: ya sa sunansa cikin masu goyon baya. Maiɗakin Soja ta faɗi yadda darenta ke wucewa, ba ta yi kuka ba, ba ta ƙara gishiri ba. Yarinyar ta daina rubutu, ta tsaya tana kallonta. Da muka dawo, bayan sallar Juma'a muka raba lambar wayar ofishin, kowa ya kira ya faɗi sunansa da unguwarsa, don ana ƙirga masu kira.

Kada kuma ka zaci mun saki namu na gida. Gwamnati ta ba da keke, amma mu muke karɓa-karɓar kwana a wurinsa duk daren Asabar don matar ta runtsa. Matan unguwa suna kai wa yara tuwo, ana yi masa alwala, in jiki ya ƙi a yi masa taimama, ya yi sallarsa da ido. Ranar Lahadi yara 'yan Islamiyya kan zo su karanta masa abin da suka haddace.

A watan Agusta 'yan majalisa kan dawo mazaɓunsu hutu, mun nemi ganin namu ido da ido a ofishinsa na nan. Wannan karon da wuya Soja ya iya fita, numfashin ya fara nauyi, da inji yake kwana. Maiɗakinsa ta ce za ta je da hotonsa na kaki. Don Allah Kawu ka sa shi a addu'a, ka kuma roƙa mana Liman ya ambace shi bayan sallar asuba. A gaida Inna da yara.