Mun tono kan mutum-mutumi a gona, in ɗora hotonsa a intanet?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mazaunin Bukuru ne, ina cikin masu ɗora hotunan kayan tarihi a Wikimedia Commons, har gasar hotuna ta watan Satumba nakan shiga. Ƙanena yana huɗa a gonarmu ta gado da ke kudancin Kaduna, garma ta tono kan mutum-mutumi na yumɓu, idanunsa a huje. Wani ya ce in yi maza in ɗora hoton da sunana, wai hakan rajista ce, babu mai ƙwace mana, kuma Turawa za su gani su saya. Ya ƙara da cewa mu ci gaba da tono, sauran jikin na ƙasa. Kwana uku ke nan ba na barci. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, rashin barcin nan naka ya fi mini shawarar mutumin nan hankali. Kafin komai, ka buga wa ƙanenka waya ya ajiye garma, ya bar wurin yadda yake.

Wannan magana ta "hoto rajista ne" na gaji da jin ta. Rumbun da kake ɗora hotuna a cikinsa ba ofishin filaye ba ne. Sunan da ake rubutawa a ƙarƙashin hoto na wanda ya ɗauki hoton ne, bai taɓa abin da ke cikin hoton ba. Ka ɗauki hoton Gidan Makama ka ɗora, Gidan Makama ya zama naka? Kuma ka san lasisin da muke amincewa da shi wajen ɗora hoto, wato izinin da ke bai wa kowa damar amfani da hoton, ba a janye shi. Ko an goge hoton gobe, wanda ya riga ya sauke ya sauke.

Ga inda haɗarin yake. Yawancin wayoyi, in an bar lokeshan a kunne, suna cusa wurin da aka tsaya a cikin hoton, kuma rumbun yakan nuna waɗannan bayanai ga duk wanda ya buɗe shafin. A hoton ganuwar Kano wannan alheri ne, shi muke roƙon masu gasa su sa. A hoton abin da ya fito daga gona kuwa, taswira ce ka zana wa ɓarayi. Ba Baturen da zai zo. Dillalai ne za su zo da yara da diga, su mayar da gonar ramuka cikin mako guda, su bar ku da rigimar dangi a kan kuɗin da ba ku gani ba. Haka aka yi wa yankin Nok na kudancin Kaduna, wanda ya shahara da tsofaffin mutum-mutuman yumɓu irin wannan, a shekarun 1990, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa waɗannan mutum-mutumai cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a 2000. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana saye da sayar da irin wannan kaya sai ta hannun hukumar ko wakilinta, ta kuma hana fitar da su waje ba izini. Mai ba ka shawara bai faɗa maka wannan ba, don ba shi za a kama ba.

Amma batun "ku ci gaba da tono" ya fi ci mini rai. Mutane suna zaton kan shi ne dukiyar. Mu masu binciken kayan tarihi a wajenmu, gawayin da ke gefensa, da tsingaron tukunya, da zurfin da yake kwance, da launin ƙasar da ta rufe shi, su ne ke magana. Da ɗan gawayin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ake auna shekaru. Da irin wannan awo aka gane cewa aikin yumɓun Nok ya haura shekara 2,000. Na taɓa riƙe wani kai da aka kawo a buhun taki, an wanke shi tas da omo da soso don ya yi kyau a hoto. Kyakkyawa ne, har kitson kansa ana ƙirgawa. Amma na tambayi inda ya fito aka ce "can daji". Ya zama bebe ke nan har abada. Kan yumɓun da aka samo a yankin Jama'a, wanda aka kai wa Bernard Fagg, Bature mai binciken kayan tarihi, a nan Jos a 1943, bayan ya yi aikin korar tsuntsaye a gonar doya, ya yi amfani ne don an san inda aka samo shi a filin haƙar kuza, aka gwada shi da wanda aka tono a Nok a 1928. Daga nan maganar ta taso, har aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952.

To, abin yi kaɗan ne. Kar a wanke, kar a shafa mai, kar a liƙa abin da ya ɓalle. A naɗe shi a tsumma mai tsabta, a ajiye inda ba laima. Ka ɗauki hotunan ramin ta kowane gefe, ka ajiye biro a gefe don a gane girma, ka riƙe su a wayarka kawai, ban da guruf ɗin WhatsApp na dangi. Ka sanar da dagaci, sannan ka kai rahoto gidan tarihi na Jos ko na Kaduna a rubuce, kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka tafi da shi. Aikin ofis ka san shi, za ka iya jin "dawo gobe", amma takardar nan ita ce shaidarka.

In kayan sun shiga hannun hukuma aka ba su lamba, sai ka nemi izinin ɗaukar hoto, ka goge lokeshan, ka rubuta ƙaramar hukuma kawai a bayanin wuri, ka ɗora. Kafin lokacin, gasar bana ga masallacin Zariya da ganuwar Kano da aka kwaikwaya a filin gine-ginen gargajiya na gidan tarihin Jos, kusa da kai. Ka je da hantsi, kafin rana ta cinye zanen da ke jikin bango.