Baba na kan venetoclax, Kawu ya ce a ba shi cikakken awo tun yanzu

Tambaya: Likita, ni ɗalibar harhaɗa magunguna ce a Jidda. An ɗora mahaifina kan venetoclax saboda sankarar jini ta CLL, aka fara da miligiram 20 kacal. Kawuna ya ce jan rai ne, a ba shi 400 gaba ɗaya, har ya kawo wani haɗin ganye wai yana kashe sankara. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yata. Kada ki bari a taɓa awon nan.

Kin san BCL-2, furotin ɗin da ke hana ƙwayar halitta mutuwa, yana maƙale da jelarsa a tantanin waje na mitokondiriya, sashen da ke samar wa ƙwayar kuzari. A jikinsa akwai wani kwarmi da yake riƙe wani murɗi (BH3) na BIM da BAX, furotin masu sa ƙwaya ta mutu. Venetoclax a kwarmin nan yake zama, ya cika aljihunan P2 da P4, ya ture BIM waje. Daga nan BAX da ɗan'uwansa BAK su buɗe, su haɗu bibbiyu, su taru su huda tantanin, furotin sitokirom c ya zubo, kasfes masu farfasa ƙwayar su ƙarasa aikin kashe ta. Ƙwayoyin CLL cike suke da BCL-2 wanda ya riga ya ɗauko BIM, kamar bindigar da aka ɗana. Taɓawa kaɗan ta isa.

A nan Kawu ya yi kuskure, kuskuren da muke fama da shi kullum: wai gwargwadon saurin mutuwar ƙwayoyin, gwargwadon sauƙi. Ina gawarsu za ta tafi? Cikin jini. Fotasiyam ya hau ya rikita bugun zuciya, fosfet ya hau ya janyo kalsiyam ƙasa, yurik asid ya toshe ƙoda. Wannan kan iya farawa awa 6 zuwa 8 bayan shan ƙwayar maganin ta farko, ko da ta 20 ɗin ce. An rasa rayuka a gwaje-gwajen farko kafin a amince da maganin a Amurka a 2016, shi ya sa aka tsara hawa na mako 5: 20, 50, 100, 200, sannan 400. Mai cewa jan rai ne bai taɓa tsayawa kan majinyacin da ake yi wa wankin ƙoda da tsakar dare ba. Masu haɗin ganye kuwa, ai ruwan bilic ma yana kashe ƙwayar sankara a farantin gwaji. Haɗin da ba a san abin da ke ciki ba yana iya danne CYP3A, sinadarin da ke narkar da maganin a hanta, 20 ta yi aikin ninkinta.

Don haka babu garehul, babu lemon naranj (lemo mai ɗaci), kuma kada a ba shi clarithromycin ko voriconazole ba da sanin likitansa ba. Ya sha ruwa lita 1.5 zuwa 2 kullum, tun kwana 2 kafin kowane ƙari. Da zafin Jidda, azumin nafila da Umra su jira. Ya sha allopurinol idan an rubuta masa, ya haɗiye maganin da abinci, a je gwajin jini a lokacin da aka sa. In fitsari ya ragu, ko zuciya na fizga, ko jijiyoyi na ɗaurewa, ku wuce sashen gaggawa a daren.