Ɗana ya kai shekara 6 bai daina fitsarin kwance ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗa mai shekara 6, da rana ba ya ɓata wando, amma kusan dare huɗu a kowane mako sai na tarar da katifarsa sharkaf. Mahaifinsa ya ce ƙiwa ce, har ya taɓa dukansa a kai, ni kuma na hana shi ruwa tun daga la'asar, amma babu abin da ya sauya. Ƙanwarsa mai shekara 4 ta daina tuni. Shin ciwo ne? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Da farko ki roƙi maigida ya ajiye bulala, domin yaron nan ba ya sane da lokacin da fitsarin yake zubowa, kuma ba a yi wa mutum horo a kan abin da ya auku yana cikin barci. Likitoci ba sa ma ɗaukar fitsarin kwance a matsayin matsala sai yaro ya cika shekara 5. A wannan shekarun kusan yara 15 cikin 100 suna yi, kuma a kowace shekara kusan 15 cikin 100 na masu yin suna dainawa da kansu. Ya fi yawa ga yara maza, saboda haka kada ki yi mamaki don ƙanwarsa ta riga shi.

Kwana ba tare da jiƙa shimfiɗa ba yana buƙatar abu uku su daidaita a jikin yaro. Akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa take saki mai suna vasopressin, wanda yake sa ƙoda ta rage yawan fitsari da dare, kuma a jikin wasu yara bai fara fita yadda ya kamata ba. Akwai mafitsara, wadda a wasu ba ta iya riƙe fitsarin dare guda. Sannan akwai farkawa, domin wani yaron mafitsararsa za ta cika, ta aika saƙo, amma barcin bai sake shi ba. Gado ma yana da hannu sosai: idan ɗaya daga cikin iyaye ya yi a yarintarsa, kusan yara 4 cikin 10 suna gadonsa, idan kuwa su biyun ne, abin yakan kai kusan 3 cikin 4. Da za ki tambayi surukarki cikin hikima, wataƙila ki ji labarin da zai sa maigida ya sassauta.

Hana shi ruwa tun daga la'asar kuskure ne a ganina. Abin da ya fi shi ne ya sha ruwa sosai da safe da rana, a rage a cikin sa'a ɗaya ko biyu kafin kwanciya, a kuma nisanta shi da shayi da lemon kwalba da yamma. Ya yi fitsari daf da hawa gado, kuma a bar masa ɗan haske a hanyar banɗaki. Ki lura da bayan gidansa, abin da iyaye da yawa ba sa kawowa a rai: idan yana yin kwana biyu ko uku bai yi ba, ko yana nishi kafin ya fito da tauri, hanjin da ya cika yana danne mafitsara, kuma sau da yawa da an magance wannan sai fitsarin ya ragu. Tayar da shi da tsakar dare don ya yi fitsari yana iya tsirar da katifa, amma ba ya koya wa jikinsa farkawa. Ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, ki ajiye wani wandon kusa, ya yi wanka da safe don kada zarni ya jawo masa tsokanar yara.

Idan ya kai shekara 7 abin yana nan, ko ya fara damunsa, likita yana da hanyoyi biyu sanannu. Ɗaya ƙararrawa ce da ake maƙala wa wando, ta yi ƙara da zarar danshi ya taɓa ta. Tana buƙatar haƙurin wata biyu zuwa uku, kuma ana ci gaba da ita har yaro ya jera dare 14 bai jiƙa shimfiɗa ba. Ɗayar kuma maganin desmopressin ne, mai rage yawan fitsarin dare, wanda ba a sha sai da umarnin likita, domin shan ruwa da yawa a kansa yana da haɗari.

Amma kada ki jira wannan lokacin idan yana kuka da zafi wajen fitsari, ko yana yawan ƙishirwa tare da ramewa, wanda yake iya zama alamar ciwon suga, ko yana minshari har numfashinsa ya riƙa ɗaukewa, ko yana da sikila. Haka kuma yaron da ya daina har tsawon wata 6 sannan ya koma yi, shi ma a kai shi asibiti a gwada fitsarinsa.