Mai tallata manhaja ma ɗan gida ne

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ko wanda bai iya rubuta kod ba (umarnin da ake gina manhaja da shi), sai dai yaɗa labarin buɗaɗɗiyar manhaja (wadda kowa zai iya duba kod ɗinta ya gyara), yana da wani amfani. Yana da shi ƙwarai. A Disambar 2004 magoya bayan Firefox, manhajar shiga intanet, suka haɗa kuɗi suka sayi talla mai shafi biyu a jaridar New York Times, mutane da dama ta bakin irinsu suka fara jin sunan Firefox.

Sharaɗi ɗaya nake gindayawa: ka riƙa amfani da manhajar da kake tallatawa kullum. Na taɓa jawo abokai biyar zuwa LibreOffice, manhajar rubuta takardu, da takardunsu suka rikice ban iya taimaka musu ba, duk suka gudu. Yanzu in na ga matsala, rahotonta nake rubuta wa masu kod dalla-dalla.